Kaf Zuri'armu Babu

"Ba taurin kai ba ne," in ji likitar. "Hankalin ɗiyarka ne ba ya zama wuri guda. Lalura ce, akwai taimako. Kada ka cire ta daga makaranta. Galibi gado ce."

Uban ya gyara hula. Shekara uku malamai na ƙorafi, har ya gama yanke shawarar cire ta.

"Gado? Kaf zuri'armu babu mai wanga hali."

Yarinyar ta daina kaɗa ƙafa. "Baba, ka kashe injin ban-ruwa da munka taho?"

Bai kashe ba. A ransa ya hango albasarsa can Goronyo tana iyo, karo na uku a ranin bana. Ya daɗe yana duban ɗiyar.

"Likita," ya ce a hankali, "a yanko mani kati ni ma."