Almakashi Yana Jiran Amsa

Da linzamin kwamfuta ya bi gefen fuskarta a jikin hoton a hankali, ya zagaye kunne, ya gangaro haɓa, sannan ya ciro kan ɗungurungum. Tun yana saurayi yake sana'ar hoto, hannunsa ba ya rawa. Yau kuwa sai da ya sake yankan.

A layin shagunan an san shi da Mai Hoto, tsoho mai ɗaukar hoton fasfo, wanda ba ya dariya sai dole. A intanet kuwa shi ne Almakashi. Duk safiyar da ta biyo bayan wani shirin asibiti na talabijin, sai ya yanko 'yan wasan, ya liƙa su inda ba su taɓa zuwa ba, ya ɗora baƙar magana a ƙasa. Baƙar magana dai ba baƙuwarsa ba ce, da ita ya watsa gidansa. Mabiyansa suna dariya har da riƙe ciki, kuma kowa ya san wadda ya sa wa ido: yarinyar da take fitowa a matsayin Likita.

Ita kuma ba ta iya haɗiye magana ba. Masu yabonta dubbai ne, ko kallo ba su ishe ta ba. Amma a taɓa ta, sai ta tanka.

Ranar da ya jera ta da sandar tsintsiya ya rubuta cewa masu shirin ba sa ba ta abinci, ta amsa: "Ina ci ina ƙoshi, ka ji da cikinka." Ranar da ya liƙa bakinta a jikin tsohuwar ƙofa saboda yadda muryarta ta dushe, ta rubuto: "Mura ce, ta kuma warke, sai ka mutu." Da ya ɗora ta a kan jaki, ya ce da shi take zuwa aiki, sai ta sa hoton motarta. Ya daɗe yana duba tayoyin.

Kowace amsa sai ya karanta ta ya sake karantawa, sannan ya ji daɗin shayinsa.

"Baba, ka ji tsoron Allah," in ji mai askin da ke maƙwabtaka da shi, wanda ba ya wuce ƙofa bai leƙa ba. "Da furfurarka? Me 'yar mutane ta tsare maka?"

"Je ka ji da kawunan jama'a," in ji Mai Hoto.

Sai ga shi makonni sun shuɗe ba ta tanka ba. Ya yi mata hoto da kunnuwan zomo, shiru. Ya sa ta tana barci a kan majinyaci, shiru. Abin da ya fi tayar masa da hankali kuwa idon sana'a ne ya nuna masa: an daina ɗaukar ta a tsaye. Kullum tana bayan tebur, daga kafaɗa zuwa sama, fuskar ta kumbura, zoben yatsanta ya ɓace. Ya taɓa ganin irin wannan kumburin a fuskar matarsa, watannin da ta yi kafin ta rasu. Abinci ya daina wuce masa.

Jiya aka haska kashi na ƙarshe na shirin. Daga wannan hoton ba shi da sauran abin yanka, ba shi da sauran hanyar jin ta bakinta.

Da farko wani abu dabam ya haɗa. Ya zaɓo fuskarta ta farkon shirin, lokacin da take dariya da wushiryarta a waje, ya sa ta a tsakiyar furanni, ya rubuta mata fatan lafiya. A rayuwarsa bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. Ya zauna yana kallonsa har wani mai son fasfo ya gaji da sallama ya tafi. Ya san inda hoton zai ƙare: cikin tulin yabon da ba ta dubawa. Ya goge shi.

Sai ya ɗauko kumburarriyar fuskar, ya liƙa ta a jikin balan-balan, ya sa sauran 'yan wasan a ƙasa suna riƙe da zaren. Ya rubuta: "Likita ta kasa duba kanta. A fara shirin zaman makoki ne?" Ya ji ƙyamar kansa, amma ya saki hoton.

Wannan karon ko mabiyansa ba su yi dariya ba. Zagi ya yi ta sauka kamar ruwan sama, bai karanta ko ɗaya ba. Suna ɗaya yake nema.

Rana ta take tsaka lokacin da amsar ta shigo.

"Ba ciwo ba ne, haihuwa na yi, namiji, kuma lafiyarmu ƙalau. Mutum ɗaya ne ya taɓa gaya mini magana irin taka, ranar da na ce zan shiga wasan kwaikwayo, shi ma tuntuni na rufe lambarsa. Kai ma bi shi."

Ya danna sunanta, shafin ya ƙi buɗuwa. Ya sake dannawa. Ta toshe shi.

Mai aski ya leƙo da tawul a kafaɗa, ya tarar da tsohon ya haɗa kai da tebur, kafaɗunsa na girgiza.

"Subhanallahi, Baba! Ai na gaya maka. Me ta ce maka?"

Mai Hoto ya ɗago, hawaye na bin gemunsa.

"An yi mini jika," ya ce.