Mabuɗin Rijiyarmu

Ina 'yar shekara tara, wata rana da la'asar, motar wani furoje, irin na masu kawo aikin taimako ƙauyuka, ta tsaya bakin rijiyarmu a Barmu. Babana ne ya haƙa rijiyar da hannunsa, ranar kuwa ina taya shi jan ruwa. Wani mutum mai takardu ya sauko, ya ce za su kafa mana famfo kyauta. Amma za a rufe bakin rijiyar da siminti, a sa kwaɗo, mabuɗin ya zauna a ofishinsu a Tawa.

Baba ya ce, "In famfon ya lalace, mu sha mi?"

"Sai ku aiko, mu zo."

"Ashe sai kun ga dama mu sha ruwanmu? Mun gode, Malam. Ku koma da abinku."

Ya miƙo mini igiyar guga. "Ja, ɗiyata."

Na ja ina kuka, tafin hannuna yana zafi, ina jin haushinsa har cikin raina.

Yau ni ke koyar da dangantakar ƙasa da ƙasa. In ɗalibai suka tambaye ni mene ne 'yancin kai, ba na buɗe littafi. Tambayarsu nake: mabuɗin rijiyarku yana hannun wa?