Kalangu a Cikin Ruwan Sama

Ina aji biyar, in ban manta ba, na cika bayan littafina da labarin mawaƙan da muke ji a rediyo. Wata la'asar a gindin darbejiya na karanta wa kakana, yana ɓarar gyaɗa. A labarin, makaɗinsu na kaɗa kalangu cikin ruwan sama, 'yan amshi na rawa tsakanin kunyoyin gero. Na ƙudura in ya kushe zan yaga.

Da na gama, sai ya ce:

"Ya yi daɗi, amaryata. Amma fata in ta jiƙe ba ta magana. Kai shi rumfa."

Na kai shi. Yanzu ni ake turo wa irin waɗannan labarai in duba, kuma ina jin shi ya sa nake fara faɗin daɗinsu kafin in nuna inda ruwa ya shiga.