Jinka a Ƙasa, Yara a Kududdufi

Ƙawata, matso kusa ki ji wani misali.

An yi wata mata mai saƙar faifai, gidanta shi ne na ƙarshe a ƙauye, tsakanin makarantar boko da kududdufin da magina suka bari. Ana tashin yara da azahar, iyaye kuwa suna fadama sai la'asar sakaliya. Tsakanin nan babu mai kallonsu sai ruwa. A wannan ruwan 'yarta ɗaya tilo ta tafi, ranar da uwar ta yi ta kururuwar neman taimako ba kowa a gari. Tun daga nan ba ta ƙara roƙon kowa ko allura ba. Amma kullum ta ji hayaniyar 'yan makaranta sun nufi gangaren kududdufin, sai zaren kaba ya tsaya mata a hannu. Sai ta ƙudura za ta gina musu ɗaki a ƙofar gidanta, su zauna su yi bitar karatu, ta koya musu saƙa har iyaye su dawo. Ita kaɗai ta kwaɓa ƙasa, ta ta da bango. Ita kaɗai ta yanko ciyawa, ta ɗaure jinka a ƙasa yadda ake yi. Ranar ɗorawa ta sa kafaɗa, ta yi bisimilla, ko motsi. Shugaban makarantar ya biyo ta wurin, ya ce, "Inna, a kira gayya mana." Ta ce, "Na gode, Malam, zan iya."

Haka damina ta faɗi, jinka na ƙasa, gara na ci ta gefe. Yara su leƙa ɗakin da ba inuwa, su wuce gangare. Ran nan aka tsamo wata 'yar aji biyu, ciki cike da ruwa, Allah Ya sa da sauran kwana. Matar ta ga takalmin yarinyar ƙafa ɗaya a bakin ruwa, ta daɗe tana kallonsa. Washegari ta yafa mayafi ta bi gida gida, tana kiran gayya, gidajen da ta shekara bakwai ba ta taka ba. Maza takwas suka zo. Kafin ta gama ɗebo musu ruwan sha har sun ɗora. Makaranta ta aiko da allo da benci, wani tela ya ɗauki zama da yaran ranar Talata, iyaye mata suka raba sauran ranaku. Ita kuwa ta koma bayan ɗakin ta zauna ita kaɗai, tana kukan rashin nauyin abin, da daminar da ta ɓatar. Gaskiyar masu iya magana, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Har yau kafaɗar nan takan yi mini ciwo in hadari ya haɗu. Don Allah, ƙawata, ki bar shi tsakaninmu, kada ki faɗa wa kowa.