Manomi da Katantanwar Teku

Kai da kake kai damuwarka ƙofa-ƙofa, zauna ka ji abin da ya sami wani manomi. Mutumin ya kai albasa kurmi a ƙarshen rani, ya sauke kaya lafiya, sai ya ce kafin ya juya bari ya je ya ga tekun nan da ake faɗa. Yana tafe a kan yashi, takalmi a hannu, ruwa ya turo masa wata 'yar aba baƙi-baƙi, murɗaɗɗiya, tsawon ɗan yatsa, jikinta duk ƙuraje, ga tsini kamar ƙahon ɗan akuya. Ya san katantanwar fadamar garinsu, wannan ba ita ba ce. Ya san wuri, kuɗin mutanen da, ba shi ba ne. Ya jefa ta aljihu don ya kai wa 'yarsa tsaraba. Da ya koma zango ya ajiye ta a kan tabarma ya tafi alwala, ya dawo ya tarar ta matsa taƙi guda. Nan ya ƙulle ta a gefen riga ya fita neman mai faɗa masa ko mece ce.

Ya nuna wa wanzamin zango. Wanzami ya jujjuya ta ya ce haƙorin 'yar ruwa ne, gidan da ya shiga yaro ba ya ƙara lafiya. Mai shayi ya ce sam, ƙahon ragon ruwa ne, mai shi rumbunsa ba ya ganin ƙasa. Mai tallan magani ya ce duk sun yi kuskure, abin yana da masu shi: in ka yar da shi su bi ka, in ka tafi da shi su bi iyalinka. Su ukun kuwa ba wanda ya taɓa jiƙa ƙafa a teku. Abin da ke ba ni haushi da mu ke nan, "ban sani ba" ta fi dutse nauyi a bakinmu. Ana cikin haka labari ya zo cewa ruwan shuka ya sauka a gida, motar albasa kuma za ta juya da hantsi. Manomi ya ɗora ƙafa a mota, ya tuna 'yarsa, ya sauko. Ya nufi teku zai jefar, ya tuna masu abin, ya dawo. Ya sake rugawa tasha, ya tarar mota ta tashi, wata kuma sai mako. Haka ya yi kwana da kwanaki da abu a ƙulle a gefen riga, bai san ko arziki yake riƙe da shi ko ajali ba. Rana ta uku abin ya fara wari, mai magani ya ce ai fushi ne suka soma.

Warin ne ya cece shi. Wata tsohuwa 'yar ƙasar, mai suyar kifi a ƙofar zango, wadda kullum yake wucewa bai taɓa tambaya ba don Hausarta ba ta nuna ba, ta toshe hanci ta ce ya kwance ƙullin. Tana gani ta yi dariya har da hawaye. Ta buɗe tukunyar miyarta, ga irinsu nan fal, ta ɗauki ɗaya ta tsotse. Sannan ta ja shi zuwa dakalin da ya yi kwanaki yana shimfiɗa tabarma a kai, ta ɗaga tabarmar. Dubbansu ne a cikin simintin, don a can da ɓawonsu ake gini maimakon tsakuwa.

"Malam, dodon koɗi ne, na ruwan gishiri," in ji ta. "Naka ya mutu, yar da shi."

Kunya ta rufe shi, baƙin ciki ya biyo baya. Ranar da ya isa gida geron maƙwabta ya fito kore shar, gonarsa ita kaɗai ce ja a tsakiya, laima ta riga ta tafi. A wannan shekarar rumbunsa bai kai rabi ba. Shi ya sa Hausawa suka ce rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.