Rugugin Motar Ɗan Inna

Wani bakanike a Talata Mafara ya rufe bonet ɗin mota ya ce, "Malam, injin da ka sauya mai ƙarfi ne, amma saitin da kake yi da kanka, mai sa shi rugugi, zai kashe shi. Yanzu saurara."

Injin ya tashi a hankali kamar numfashin jariri. Mai motar ya kamo hanyar Bakura yana murna.

Ya iske mahaifiyarsa zaune a tsakar gida, idanunta da suka daina gani suna fuskantar titi.

"Wane ne?"

"Ni ne, Inna."

"Tun azahar nike jiran rugugin motarka, ɗana. Da shi nike sanin ka iso lahiya."

Ya durƙusa ya riƙe hannunta. Sannan ya fita ya ɗauko sufana ya buɗe bonet ɗin motar.