Waken da Aka Hana Ruwa

Tunda an ce kai ne za ka riƙa tarbar sababbin ma'aikata a wurin aikinku, zauna in ba ka misali, ka riƙe shi da kyau.

A wata cibiyar binciken aikin gona, irin wadda ba don riba aka kafa ta ba sai don talaka ya samu iri mai kyau, akwai wani dattijo da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan wake. Waken da zai jure ƙishirwa yake nema, saboda ƙauyukan arewa inda ruwa kan ɗauke tun wake yana fure. Shekara da shekaru yana haɗa wannan iri da wancan, har ya rage 'yan kaɗan da yake sa wa rai. Da rani ya shuka su a wani fili can bayan cibiyar, ya ba su ruwa har suka fara fure, sannan ya yanke musu ruwan da gangan. Wanda zai mutu ya mutu. Wanda ya daure ya yi 'ya'ya, shi za a yawaita a kai wa manoma, kuma an riga an yi musu alkawari.

Ana cikin haka aka ɗauki wata sabuwar ma'aikaciya, aka sa ta a ƙarƙashinsa. 'Yar manomi ce, ta yi karatunta, amma wannan ne aikinta na farko. Tarba kam an yi mata. An dafa shinkafa da kaji, shugaba ya yi jawabi, aka nuna mata ofis da kujera, aka ba ta takalmin roba da malafa sabbi fil. Dattijon ya miƙo mata makullin injin ban ruwa, ya ce ruwan filaye yana hannunta, ko kai bai ɗaga ba. Ba mugu ba ne. Hankalinsa ne ke kan wakensa, fuskar nan kullum a haɗe kamar hadarin gabas.

Da ta zagaya filayen sai ta ga ko'ina kore shar, ban da na bayan nan. Ganye ya yi yaushi, fure na zubewa, ƙasa ta tsattsage. Allon da aka kafa a bakin filin lambobi ne kawai. Ta san irin wannan yanayin. Haka gonar mahaifinta ta yi a shekarar fari, yana tsaye a tsakiyarta yana duban sama. Ta ɗauka mantawa aka yi da filin, kuma idan ya mutu a wuyanta zai mutu. Ta je ƙofar dattijon ta yi sallama. Ya amsa yana duba wasu ƙwayoyin wake, ya ce, “Mene ne?” Maimakon ta tambaye shi zancen filin, sai ta ce, “Gaisuwa ce, Baba.” Kashegari ta sake zuwa, ta ga fuskar yadda ta bar ta, ta koma. Sauran ma'aikata kowa na harkar gabansa, ita kuma tana tsoron a ce wadda aka ɗauko ba ta san komai ba. Ranar Juma'a da maza suka tafi masallaci, ta ja tiyo ta tada inji, ta shayar da filin har ƙasa ta ƙoshi. Ta koma gida ranta fari tas.

Da dattijon ya zo dubawa, ya tarar ganye ya miƙe. Mai juriya da rago duk sun yi kore, ba mai iya raba su. Ya tsuguna ya damƙi ƙasa, ta dunƙule a hannunsa, ya yi salati a hankali. Sai ga ta ta iso da murmushinta, ta ce, “Baba, na ga an manta da su ne.” Ya ɗago ya dube ta, kuma ranar ce ya fara ganin fuskarta sosai. Ya ce, “'Yata, me ya hana ki tambaye ni?” Ta ce, “Na zo, Baba. Na sake zuwa ma.” Sai ya tuna da sallamarta a ƙofarsa.

Bai yi mata faɗa ba, amma ɓarna ta riga ta auku. Da ƙafarsa ya je ƙauyukan ya ce wa manoma su yi haƙuri, bana babu iri. Suka shuka tsohon wakensu, ruwa kuma ya ɗauke da wuri yadda ya saba, yara suka ci tuwo da miya ba wake. Ita ta kawo makulli za ta ajiye aiki, ya mayar mata da shi a hannu, ya ce wanda ya ji tausayin shuka ba a korarsa daga gona. Da wani ranin ya zagayo, tare suka sake shuka filin, kuma ita ce ta rufe ruwan da hannunta. Tun daga nan, duk baƙon da aka kawo masa, kafin ya ga kujera sai sun taka kowane fili tare. Ya tambaye shi garinsu da abin da suke nomawa, ya faɗa masa dalilin kowace kunyar shuka, har wadda aka bari ta sha wuya da gangan.

Kaji da jawabi ba su hana waken nan lalacewa ba. Kai ma fuskarka ba ta cika sakewa ba, tun kana yaro na sani, don haka ka gyara. Idan baƙo ya tsaya a ƙofarka ya ce gaisuwa ce kawai, ajiye abin da ke hannunka ka dube shi. Masu iya magana sun ce, shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma.